Motar Umair Ba Ta Riƙe Ralanti

Briqueterie, Yawunde
9 ga Nuwamba, 1993

Zuwa ga Baffa Shamsuddin, garejin Ƙofar Ruwa, Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce Zuhura, 'yar marigayi Malam Taufiƙ ɗan ƙanin mahaifinka, yayar Umair da ya yi shekara shida yana koyon aiki a hannunka. Sau ɗaya ka taɓa ganina a Garwa, ina ƙarama. Mu nan da sauƙi. Innarmu Jaratu tana fama da hawan jini da kumburin ƙafa. Karimatu, matar Umair, tana tare da mu har yanzu, ita da 'yarsu Afra'u.

Maganar motarsa ce ta sa na rubuto. Ka san ta, Fijon nan mai turbo da ya yi ta yi wa ƙare-ƙare da hannunsa. Tun ranar da gari ya rikice a watan Mayun 1991, aka buge shi a ka a karfur, wato mahaɗar hanyar gangaren Nkomkana, ya rasu, mutane suka turo ta gida, ba wanda ya sake taɓa ta. Tana ƙofar shagon ɗinkina a lulluɓe da tamfol. Yanzu an zaftare albashin ma'aikata, matansu sun daina kawo ɗinki, wani lokacin sai in wuni ban taka keke ba. Maƙwabcinmu Mohaman Bello, tsohon direban taksi, ya ce zai riƙa ɗaukar fasinja da ita zuwa Duwala, gidan ya samu abin ci.

Mun sa batir, ta tashi. Amma Baffa, ba ta riƙe ralanti. In an bar ta a tsaye sai injin ya hau, ya sauka, ya sake hawa, kamar mai barcin da numfashinsa ba ya daidaita. Mohaman Bello ya zagaya da ita ta unguwar Cité Verte. Ya ce a gudu ba ta da na biyu, amma da ya ɗaga ƙafa don ya tsaya sai wani abu a gabanta ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi, injin ya mutu. Sau huɗu ta yi masa haka. Makanikai biyu sun buɗe, suka ga tiyo-tiyon da ba su san su ba, suka rufe suka tafi. Ɗayan ya ce motar da mai ita ya ɗinka wa kansa, shi kaɗai ya san inda ya ɓoye bakin zaren.

Kai ka koya masa. In akwai wanda zai gane, kai ne. Na ba Alhaji Mailafiya mai fataucin goro takardar nan, shi zai karɓo amsa.

'Yarka, Zuhura

Kano
2 ga Disamba, 1993

'Yata Zuhura,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta ta sau uku. Lafiyarmu ƙalau, sai ido da ya fara gajiya. Ki gaishe da Yaya Jaratu, Allah ya ba ta sauƙi. Allah ya jiƙan Umair. Ban taɓa samun mai hannu irin nasa ba a garejin nan.

Sai da na tambayi wani direba ɗan Marwa na gane ralanti shi ne abin da muke kira silo, wato bugun injin in mota tana tsaye. To ki saurara, ku bi a hankali, kada ku yi abu biyu a lokaci guda, don in ta gyaru ba za ku san wanne ya gyara ta ba.

Ku fara da mai. Fetur ɗin da ya kwana shekara biyu da rabi a tanki ya zama fenti. A juye shi duka, a canza abin tace mai, a zuba na gidan mai, ba na kwalba da ake sayarwa a bakin titi ba. Sannan a kwance fulogi huɗun, ki duba bakinsu da idonki ki gaya mini launinsu. Fari yana nufin iska ta yi yawa, baƙi kuma mai ya yi yawa.

Motar nan tana da wani akwati a gaba da yake auna iskar da take shaƙa, da wannan awon take sanin man da za ta sha. Duk iskar da ta shiga ko ta fita ta wata kafa bayan akwatin, injin bai san da ita ba, sai ya rikice. Don haka ki samu guntun tiyo, ki sa baki ɗaya a kunnenki, ɗayan ki bi duk mahaɗar roba da shi motar tana aiki. Inda ya tsage za ki ji shi yana fito. A wanke maƙogwaron totur da fetur da tsumma mai tsabta.

Abu guda. A gefen dama, tsakanin turbo da injin, akwai wani abu na tagulla kamar gwangwanin madara. Kada ku taɓa shi, kada ku bar kowa ya buɗe shi.

Baffanki, Shamsuddin

Briqueterie
29 ga Disamba, 1993

Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Ƙafar Inna ta ɗan saɓe. Afra'u ta yi zazzaɓi kwana uku, ta warware.

Mun yi duk abin da ka ce, ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa a littafin awon ɗinki. An juye mai. Buji huɗun, fulogi a bakinku, baƙi ƙirin suke, har suna shafa wa yatsa toka. Mun sa sababbi. Na bi tiyo da kunnena kamar yadda ka ce, maza suna tsaye a bakin masallaci suna kallona, na samu wata ƙaramar roba da ɓera ya ci a bayan injin. Da aka canza ta hawa da saukar ya ragu, har na yi murna. Mohaman Bello ya fita da ita, a karfur na farko ta yi ajiyar zuciyar nan ta mutu. Sababbin bujin ma sun fara baƙi.

Na yi kuskure guda. Na karanta wasiƙarka a tsakar gida da ƙarfi, Inna tana kan tabarma. Da na zo maganar abin tagulla sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Ashe da abu a jikinta." Na ce mata ƙarfe ne kawai, ta ce in ƙarfe ne me zai sa babban mutum ya hana a buɗe. Ta ɗauka wani asiri kuka ɗaura wa motar don gudu, kuma shi ya ci Umair. Ta aika aka kira malamin makarantar allon unguwarmu. Mutumin kirki ne, ya yi addu'a, ya leƙa injin, ya ce shi tagulla kawai yake gani, a nemi makanike. Ba ta yarda ba. Yanzu ba ta bi ta ƙofar shago, sai ta zagaya ta lungun mahauta da ƙafarta mai ciwo.

Karimatu kuma nata daban ne. Tana tankaɗe a ranar da Mohaman Bello ya dawo da motar daga gwaji, ta ji ƙarar daga bakin layi, ta saki rariya ta miƙe tana gyara ɗankwali. Sai da ta kai zaure ta tuna. Ta ce da wannan ajiyar zuciyar take sanin ya iso kullum. Ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Ni kaina, Baffa, in na tsaya a gabanta tana hawa tana sauka, sai in ga kamar wani ne a ciki yake wasa da ƙafarsa. Kujerar tana nan yadda ya ja ta baya, Mohaman Bello ya kasa matsar da ita, tsatsa ta kama ƙarfen.

Ka gaya mini mene ne abin nan, kuma me ya sa ba za a taɓa shi ba. Kalma biyu ta isa in kwantar wa Inna da hankali.

Zuhura

Briqueterie
24 ga Fabrairu, 1994

Baffa Shamsuddin,

Barka da shan ruwa. Ina fatan shirun nan ba rashin lafiya ba ne. Wata biyu ke nan. Na san an tsananta a kan iyaka, na san tun da aka karya darajar sefa fatake sun rage zirga-zirga. Amma Alhaji Mailafiya ya je ya dawo, ya rantse mini a hannunka ya sa takardata, ya koma washegari ka ce masa ba ka gama rubutu ba.

Zan gaya maka abin da ya faru, ko ka amsa ko kada ka amsa.

Ranar uku ga azumi da hantsi ina yanka yadi, Inna ta shigo shagon, ita da ta daina bi ta nan. Ta zauna a benci ta juya wa motar baya. Ka san tana cikin motar ranar da abin ya faru, ya je ɗauko ta ne daga kasuwar Mokolo da aka fara gudu. Ba ta taɓa ba kowa labarin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ta ce, "Zuhura, ba asiri ba ne. Na so a ce asiri ne."

Na ajiye almakashi. Ta ce suna gangarowa da gudu sai ga mutane sun cika karfur, wasu da duwatsu, hayaƙi ya tashi. Ta kama kafaɗarsa ta ce, "Umair, tsaya." Sai motar ta tsaya, injin ya yi shiru. Ta ga yana murɗa makulli, ta ɗauka kashewa yake don ta ce ya tsaya. Ya buɗe ƙofa ya fita ya nufi gaban motar, a nan abin ya same shi. Ta ce, "Yaron da bai taɓa ƙin maganata ba. Da na yi shiru da ya ratsa ta gefe ya wuce." Shekara uku saura kaɗan tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

Na jira ta koma ciki, na kira Mohaman Bello ya tada motar. Na ɗauki ƙyallen atamfa na kai shi kusa da bakin abin tagullar da ka hana. Ƙyallen ya manne, ya saki, ya sake mannewa, daidai da hawa da saukar injin. Sai na ajiye ƙyallen na rufe bakin da tafin hannuna. Na ji yana tsotsar fatata. Cikin daƙiƙa biyu injin ya daidaita, ya riƙa bugawa lafiya lau kamar keke mai sabon mai. Na cire hannu, ya koma yadda yake. Sau biyar na yi. Mohaman Bello ya sauko ya tsaya yana kallon hannuna.

Ni tela ce, ba makanike ba, amma kai ka rubuta cewa iskar da ta bi ta wata kafa tana rikita injin. Wannan kafa ce, Baffa. Kuma a gindin abin akwai haruffa biyu da aka buga da ƙusa, shin da mim. Ba sunan Umair ba ne.

Tambayata ɗaya. A ranar nan, shi ya kashe motar, ko ita ta mutu masa?

Zuhura

Kano
17 ga Maris, 1994

Zuhura 'yata,

Barka da sallah. Jikina lafiya. Alhaji Mailafiya gaskiya ya gaya miki. Na fara amsa miki a watan Janairu sau huɗu ina yagawa.

Ni na ƙera shi. Shamsuddin Makanike, haka nake buga wa duk abin da ya fito daga hannuna. A 1990 Umair ya zo Kano da wata mujallar Faransanci mai hotunan motocin tsere. Ya riga ya ƙara wa turbon ƙarfi, yana son abin da zai saki iskar da ta taru in ya ɗaga ƙafa, kuma yana son ƙarar. Na ce masa motarsa tana auna iska, in aka zubar da awon a waje za ta sha mai fiye da kima ta shaƙe. Ya yi dariya ya ce, "Baffa, kai da ka tada jirgin ruwan wani alhaji da injin tifa." Na ji daɗin maganar. Kwana biyu na yi a kan injin gyaran ƙarfe. Ban samu sifirin da ya dace ba, na sa na wani tsohon famfo, ina sane da cewa ya yi laushi.

A watan Afrilun 1991 ya rubuto mini cewa tana mutuwa in ya tsaya daga gudu. Takardar tana nan a aljihun teburina. Na amsa masa da layi biyu, na ce ya ɗan ɗaga silo ya lallaɓa, zan aiko da sifirin mai ƙarfi da tiyon da zai mayar da iskar ciki. Na sayi sifirin. Aiki ya yi yawa, na ce sai mako mai zuwa. Labarin rasuwarsa ya riga ni. Abin da ya hana ni zuwa ta'aziyya ke nan, ba ciwon baya ba kamar yadda na aika aka gaya muku.

Ga amsar tambayarki. Duk direban da ya gangaro da gudu ya ga mutane a gabansa dole ya ɗaga ƙafa, ko an yi masa magana ko ba a yi ba. Da ya ɗaga, motar nan mutuwa za ta yi. Murɗa makullin da Yaya Jaratu ta gani, tayarwa yake yi, ba kashewa ba. Fulogin sun jiƙe da mai, ba za ta kama nan take ba. Ya fita ne don ya buɗe gabanta. Na san haka saboda ni na koya masa.

Da na rubuta miki kada ku taɓa, na gaya wa kaina don kada wani ya kwance abin da bai sani ba ya fasa injin. Ba gaskiya ba ne. Tsoro nake ki juya shi ki ga sunana. Ban san tana can tana ɗora wa kanta ba. Da na sani, ban san ko da na yi ƙarfin hali ba, ba zan yi miki ƙarya ba.

Gyaran ba wuya. A kwance shi gaba ɗaya. A toshe babbar kafar da murfin ƙarfe, a ɗaure da kyau, ƙaramin tiyon da ke kansa a cusa masa ƙusa mai kauri. A jikin turbo akwai sanda mai noti, Umair ya rage mata tsawo, a sassauta ta zagaye huɗu ta koma yadda ta zo. Sannan a sauke silo, don ya ɗaga shi bisa maganata, a tsayar da allurar agogon injin kaɗan ƙasa da dubu ɗaya in injin ya yi zafi. Ƙarfinta zai ragu, amma za ta tsaya da rai.

Ki karanta wa Yaya Jaratu wannan duka, kada ki tsallake komai. Ba na roƙon ta yafe mini a takarda.

Shamsuddin

Briqueterie
12 ga Afrilu, 1994

Baffa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa ya sauka, layinmu ya zama jan taɓo.

Kwana biyu takardarka tana cikin aljihun keken ɗinki kafin in iya fito da ita. Na so in tsallake wasu wurare, ba don kai ba, don ita. A ƙarshe na karanta duka, da safe bayan an sha koko, Karimatu tana zaune a bakin ƙofa. Da na zo wurin makulli Inna ta ɗaga hannu. Ta ce, "Tayarwa yake?" Na ce haka ka rubuta. Ta ce, "Shi ya sa yake cewa haba, haba. Na ɗauka da ni yake." Daga nan ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza. Karimatu ta tashi ta fita, ba ta ce komai a kanka ba har yau, ni kuma ban matsa mata ba.

Mun yi gyaran ranar Asabar. Mohaman Bello ya samo murfin a wurin masu kayan gwanjo na Mokolo, ni na riƙe sifana. Zagaye huɗu, kamar yadda ka ce. Allura ta tsaya cak, ba ta motsi.

Washegari Inna ta sa mayafinta ta ce za a kai ta Nkomkana. Na ce ta bari mu gwada tukuna, ta ce gwajin ke nan. Ta zauna a gaba, inda ta zauna a ranar. Ta ce wa Mohaman Bello ya hau har saman tudu ya gangaro da gudu. Ya dube ni ta madubi, na ɗaga masa kai. Muka gangaro. Ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Da muka kusa karfur ya ɗaga ƙafa ya taka birki. Motar ta tsaya, injin yana bugawa a hankali. Motocin taksin da ke bayanmu suka fara hon. Inna ta ce a bar su su yi. Mun fi minti uku a wurin tana sauraro, sannan ta buɗe ƙofa ta sauka. Akwai wata mata mai gasa masara a daidai inda ya faɗi. Inna ta gaishe ta, ta tambaye ta ko ta daɗe tana sana'a a nan, matar ta ce bara ta fara. Inna ta tsaya ta yi addu'a, ta dawo ta ce mu tafi gida.

Mohaman Bello ya fara zuwa Duwala ranar Litinin, ya dawo lafiya.

Na tambayi Inna me zan rubuta maka. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba. "Ki ce masa ban san wanda ya yi jifan ba, ba kuma zan sani ba sai a gaban Allah. Shi kuwa na san shi, kuma ya faɗa da bakinsa. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ya hana ni gaisuwar ɗana shekara uku. Ya zo ya yi mini ita."

Abin tagullar yana ɗakinta, ta naɗe shi a tsumma. Na ce in ba Alhaji Mailafiya ya kawo maka, ta ce a'a, wanda ya ƙera shi ne zai ɗauka da hannunsa.

In ka iso Ngaundere ka shigo jirgin ƙasa, ka aiko da ranar. Za mu zo tasha da motar mu ɗauke ka.

'Yarka, Zuhura